Allah Ya Jiƙan Abokinmu, Gardin Zango

A wannan wata filin namu na ta'aziyya ne. Allah ya yi wa wani abokinmu na ƙuruciya rasuwa a Bolgatanga bayan jinyar 'yan makonni. Da muka je gaisuwa, mutum uku ne suka yi mana tambaya iri ɗaya, wai ko maciji ne ya sare shi. A'a, ciwon ajali ne kawai. To amma ba mu ga laifin masu tambayar ba, domin tun muna yara ake tsokanarsa da sunan Gardi, ko da yake bai taɓa wasa da maciji a kasuwa ba, bai kuma taɓa sayar wa kowa laya ba.

Ƙadangare ne ya haɗa mu abota. A lokacin da sauran yaran zango ke harbinsu da danƙo, mu sai mu raɓe a bayan makarantar allo muna kallon jangwada yana gyaɗa kai bisa katanga. Marigayin ne ya lura cewa da sanyin safiya kan jangwada a dushe yake, sai rana ta gasa shi sannan ya yi jawur. Shi ya nuna mana bambancin damo, mazaunin tudu mai gajeren wuya, da guza mai doguwar jela da ke bin bakin ruwa. Ya sha ɗora hawainiya a hannunsa don yara su gani ba ta da dafi. Ya kuma sha musu da tsofaffi a kan cewa tsaka na sa kuturta, kuma gaskiyarsa ce, domin tun 1873 wani likita mai suna Hansen a ƙasar Norwe ya gano ƙwayar cutar da ke haddasa ta.

Da muka ɗan tasa, babu inda ya fi so kamar Paga, wajen kilomita 40 arewa da Bolga, daf da iyakar Burkina Faso. A can mutanen Kasena ba sa kashe kada, domin a al'adarsu kadojin tafkin suna da alaƙa da rayukan kakanninsu. Da ɗan tsako ake kiran kada ya fito tudu, baƙo ya riƙe jelarsa a ɗauki hoto. Abokinmu yakan ce kadojin Paga halinsu dabam ne. A 2011 masana suka tabbatar da cewa kadan da ya fi yawa a Afirka ta Yamma jinsinsa dabam da na kogin Nilu wanda ya yi suna wajen cin mutane, har ma suka gano cewa irinsa ne mutanen Masar na dā suka riƙa adana gawarsa. Ranar da muka kai masa wannan labari dariya kawai ya yi.

Kada mai karatu ya ɗauka marigayin mai ganganci ne. Ba mu taɓa ganin mai tsoron kububuwa kamarsa ba. Yakan ce mutanenmu sun juya tsoronsu: su taru da sanduna a kan 'yar mesar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo, wadda ba ta da dafi ko kaɗan, har ake fitar da ita daga Gana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka don kiwo a gida, amma su shiga gona ba takalmi inda kububuwa ke kwance. Ita kuwa da kyar ta wuce rabin mita, launinta kamar na ƙasa, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Wanda ta sara zai iya yini yana hira, kashegari jini ya fara fita ta dasashi ko ta fitsari.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Manoma da makiyaya ne suka fi shan wahalarsa, wato 'yan uwanmu da ke noma a arewacin ƙasar nan da masu bin shanu.

Saboda haka ga abin da ya sha nanatawa, mun kawo muku shi a matsayin sadakarsa. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. Baƙin dutsen da ake mannawa ba ya zuƙe dafi. A cire zobe ko warwaro kafin wurin ya kumbura, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. A can za a ɗebi jininsa a kwalba a ajiye minti 20, idan bai daskare ba an san dafi ya shiga, sai a yi masa allurar kashe dafi. Idan gamsheƙa ta tofa wa mutum a ido, a wanke da ruwa mai yawa kafin a tafi. Mai fita da dare ya riƙe tocila, mai shiga gona ya sa dogon takalmi, mai ɗaga dami ya fara taɓa shi da sanda.

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abokinmu ya fi son a koya wa yaro ya san tsumma ya kuma san maciji tun kafin a sare shi. Muna roƙon limamanmu da malaman makarantun zango su riƙa faɗakar da jama'a a kan wannan, musamman lokacin shuka da lokacin girbi.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya ba iyalinsa haƙurin rashi. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.