A Ba Jarumi Hannu, A Bar Layar Ta Zama Fanko

Na gaji da zoben tsafi. Ka ɗauki littafin yaƙi na Hausa, kafin ka kai shafi na goma wani boka ya miƙa wa jarumi zobe, ko guru, ko takobin da aljanu suka ƙera. Daga nan labari ya mutu, sai jan gawa. Jarumin bai koyi komai ba, bai yi gumi ba, zoben ne ke yaƙi, shi kuwa ɗan dako ne kawai. Marubuta 'yan'uwana, wannan lalaci ne, mun kuma mayar da shi ado.

Akwai dabarar da ta fi wannan, a wajen masu wasan labari na tebur na fi ganin ta. Wasan da ya fi suna shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa da jarumin da ya ƙirƙira, ɗaya yana jan labari, a jefa ɗan ludo mai fuska 20 ya yanke ko abin da ka yi niyya ya yiwu. Kowane jarumi da takardarsa, an rubuta abin da ya iya. To wani ɗan wasa sai ya ƙirƙiri jarumin da aka haifa da baiwa, amma ya riƙa masa sandar banza, ya ce duk ƙarfinsa daga sandar yake. Mai jan labari kaɗai ya san gaskiya. Har a cikin dokokin wasan akwai siddabarun da ke sa kayan banza ya yi kama da na tsafi ga mai bincike.

Dubi abin da wannan ke haifarwa. Maƙiyi zai ɓata dare yana shirin sace sanda. Ya sace, ya fito fili yana kirari, jarumi ya tashe shi da hannu tsura. Abokan tafiya su tsaya baki buɗe, kowa na tambayar kansa me kuma mutumin nan ya ɓoye musu. Da sanda ɗaya an sami dariya, an sami zargi tsakanin abokai, an sami tambayar da ke riƙe mai karatu: me ya sa yake ɓoyewa? Tsoron sarki ne, ko gudun hassada, ko kunyar asalinsa? Zoben gaske ba ya haifar da tambaya ko ɗaya.

Wani zai ce ai wannan na Turawa ne. Turawa dai sun yi, ko a fim ɗin Dumbo na 1941 an ba ɗan giwa gashin tsuntsu aka ce shi ke sa shi tashi, alhali kunnuwansa ne. Amma mun riga mun san wannan ɗanɗano. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito tun 1934, kuma abin da mutane ke tunawa a cikinsa har yau shi ne yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna wayo. Gizo ma a tatsuniya ba shi da guru, baki ne da dabara.

Abin da ya sa nake ɗaga murya ya wuce takarda. Ku zo nan Briqueterie a Yawunde, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafa gindi, wadda duk Kamaru ta san ta da tsire, wanda a nan ake ce wa soya, da kuma teloli da 'yan yadi. Mai nama ya shekara ashirin a bakin wuta, ya san wane yanki zai yanka siriri, ya san yawan ƙuli da citta a yajinsa, ya san lokacin juya tsinke. Jama'a su yi layi a gabansa, sai maƙwabci ya taɓe baki ya ce ai ya yi asiri ne. Tela ya iya wuyan riga har manyan gari na aiko masa da shadda, a ce akwai abin da ya binne ƙarƙashin keke. Yaron shago da ya ji haka, me zai sa ya zauna ya koyi riƙon almakashi? Sai ya tara 'yan kuɗinsa ya kai wa mai sayar da sa'a. Kowane littafin da ya ce zobe ne ya ci yaƙi, ya ƙara wa yaron nan hujja.

Na san masu cewa layar ƙarya ma yaudara ce, ana koya wa yara ɓoye-ɓoye. Ban yarda ba. A labari irin wannan ƙaryar tana tonuwa a gaban mai karatu, an yanke layar an ga tsumma ne a ciki, ƙarfin kuwa yana nan. Wanda aka yaudara shi ne mugun da ya gaskata laya. Sharaɗi ɗaya ne: kada marubuci ya yaudari mai karatu da kansa. Ya bar alama tun farko, a ga jarumi yana atisaye da asuba, a ga ranar da ya manta sandar a gida kuma bai damu ba.

Ba sai mun je nesa ba. A wannan gari na Yawunde kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Aurion a 2016, kuma ƙarfin jaruminsa, Enzo Kori-Odan, daga kakanninsa yake gudana a jikinsa, babu ɓarawon da zai zare shi daga yatsa. Su sun gane. Mu kuwa har yanzu muna aika jarumi bangon duniya neman zobe na bakwai, bayan shida na farko ba su koya masa ko hawan doki ba.