Idan Ɗakin Gwajin Na Likitan Ne



Idan likita ya miƙa wa majinyaci takarda ya ce je ka wuri kaza a ɗebi jininka, majinyacin ba ya musu. Ninke ta yake yi, ya sa a aljihu, ya kama hanya, domin ya yarda lafiyarsa ake nema masa. To, ina ga a ce ɗakin gwajin nan na likitan ne, ko na matarsa?

Wannan damuwa ce ta sa majalisar dokokin Amurka ta kafa doka a 1989, wadda ake kira Dokar Stark, da sunan ɗan majalisa Pete Stark na jihar Kalifoniya. Ta hana likita tura majinyacin da gwamnati ke biya wa magani a shirin Medicare zuwa wurin da shi ko danginsa na kusa suke da jari ko wata hulɗar kuɗi, sai inda dokar ta yi togaciya. Da gwaje-gwaje aka fara, a 1993 aka haɗa da ɗaukar hoto, gashin ƙashi da sauransu.

Hukuncin yana da zafi. Ko da bisa kuskure aka yi, gwamnati ba za ta biya ba, abin da aka karɓa kuma sai an mayar. Wanda ya take dokar da gangan, tarar da dokar ta fara sanyawa ta kai dala 15,000 kan kowane aiki, wanda ya ƙulla dabarar kauce mata kuwa har dala 100,000, kuma ana iya korarsa daga shirin baki ɗaya.

Asibitin Tuomey na jihar South Carolina ya ɗanɗana kuɗarsa. Ya ɗauki likitoci 19 a kwantiragin da ladansa ke ƙaruwa gwargwadon majinyatan da suka kawo. Wani likitan ƙashi, Michael Drakeford, ya ƙi sa hannu, ya tona asiri. A 2013 kotu ta yanke wa asibitin dala miliyan 237, aka sasanta a kan miliyan 72.4 a 2015, asibitin ya koma hannun wasu.

Mu ma nan gida mun san majinyacin da ake ce wa a asibitin gwamnati ya biyo likita asibitinsa na kuɗi da yamma. Muna kira ga hukumomin lafiya su sa ido, likitocinmu kuma su ji tsoron Allah. Majinyaci amana ne a hannunku.

Mu kwana lafiya.