Filin Wasanni: Kofin Ƙasashe Takwas

Ƙasashe 8 na Afirka ta Yamma suna cin kasuwa da kuɗi iri ɗaya, watau sefa. Su ne Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo. A shekarar 1994 aka kafa ƙungiyarsu da ake kira UEMOA. Mazauninta yana Wagadugu.

A shekarar 2007 ƙungiyar ta shirya gasar ƙwallon ƙafa tsakanin ƙasashen nan, don samarinsu su san juna. Aka kafa doka guda mai ƙarfi: sai ɗan wasan da ke bugawa cikin ƙasarsa zai shiga. Wanda ya tafi Turai neman kuɗi ba shi da wuri. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari.

Ana raba ƙasashen gida biyu, huɗu-huɗu. Wadda ta fi a kowane gida, su biyu ke karawa a wasan ƙarshe. Wadda ta ci, ita ke ɗaukar kofi.

An yi gasa ta farko a Wagadugu a 2007. Ƴan wasan Nijar, waɗanda ake kira Mena, sun kai wasan ƙarshe. Mena dabbar daji ce irin barewa, mai gudu ƙwarai. Amma Kodibuwa ta kada su. A 2008 aka taru a Bamako, Kodibuwa ta sake ɗaukar kofin. A 2009 aka je Kotonu. Mena ta sake kai wasan ƙarshe, Senegal ta ci ta. Sau biyu ke nan Nijar tana zuwa bakin rijiya, tana komawa da ƙishirwa.

Ƴan wasan ba su karaya ba. A watan Nuwamba na 2010, bayan an gama girbin hatsi, aka kawo gasar Yamai. Aka buga wasan ƙarshe a filin wasa na Janar Seyni Kunce. Nijar ta ci Benin 1 da 0, kofi ya kwana gida. Mai koyar da ƴan wasan ma ɗan ƙasa ne, sunansa Haruna Dula.

Amfanin wannan aiki ya fito fili. A 2011 Mena ta sami wuri cikin babbar gasar Afirka duka, ta sha gaban Masar da Afirka ta Kudu. Nijar ba ta taɓa zuwa can ba sai a 2012. Cikin waɗanda suka tafi akwai yaran da ke bugawa a ƙungiyoyin gida.

Bayan Yamai, Senegal ta ci kofin a Dakar a 2011. Daga nan gasar ta daina zuwa kowace shekara. Burkina Faso ta ci a Abijan a 2013, Senegal ta sake ci a Lome a 2016.

Ɗan wasa ba ya faɗowa daga sama. Yana fara koyo tun yana ƙarami, da ƙwallon tsumma, ba takalmi, a fili bayan gari. A ƙauyuka da yawa na Maradi, Damagaram da Tawa filin nan yana ƙanƙancewa. Wani ya ƙara kunya biyu na gonarsa, wani ya zuba taki, wani ya yi gini. Sai yara su rasa wurin wasa.

Ya kamata maigari da dattawa su ware wa samari fili ɗaya, su sa masa iyaka kamar yadda ake sa wa burtali. Iyaye kuma su bar yaro ya buga da marece, in ya dawo daga gona ko kiwo, ya kuma gama karatunsa.