Rana Tsaka Ba Lokacin Hoton Dutse Ba Ne

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau ina so in ajiye ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ko a yarda da ni ko a musa. Maganar kuwa ita ce ta hotunan da mukan komo da su kowace shekara daga yawon ganin ƙasa. Kowa ya sani akan tara kuɗi, a yi hayar mota, a sha wahalar hanya, a ɗauki hotuna ɗari-ɗari. Amma kadan ka ce a zaɓo maka guda ɗaya tak wanda za ka ɗaga gaban 'yan aji biyar ka koya musu labarin ƙasa da shi, sai a yi ta lalube a rasa. Fuskokinmu sun fito sarai, har da haƙora. Dutsen da aka je gani kuwa ya yi baƙi ƙirin, ruwan ya zama wani farin tabo marar siffa, sama ta ƙone fat.

Ni dai a ganina ba laifin wayoyinmu ba ne, ba kuwa rashin babbar kyamara ba ne. Laifin agogo ne. Mukan tashi daga Keffi da hantsi, mu isa rana tsaka, mu juyo kafin la'asar, watau muna zaɓen sa'o'in da haske ya fi muni mu ba su aikin duka.

Wani zai ce, to, mene ne abin damuwa a kan hoto? Ga shi. A makarantar mishan da na yi firamare, jikin bangon aji akwai hoton Giran Kanyon, babban kwazazzabon nan na jihar Arizona ta Amurka, wanda kogin Kolorado ya sassaƙa. Tsawonsa kilomita 446, zurfinsa a wani wuri ya wuce mita 1,800. Mun san kamanninsa tun muna yara. Amma ba wanda ya taɓa nuna mana Farin Ruwa da ke ƙasar Wamba, cikin jiharmu ta Nasarawa, inda ruwa ke zubowa daga gefen tudun Jos, tsayin da ake ƙiyastawa ya kai mita 150. Gaskiya ce ba mu da kwazazzabo irin na Amurka. Amma duk inda tudun Jos ya ƙare ya gangaro, ruwa ya yi irin wannan aiki, ya ci dutse ya yi kwari mai zurfi, kamar a Assop kusa da Hawan Kibo, da Matsirga ta wajen Kafanchan. Yaron da aka koya wa zaizayar ƙasa da hoton wata nahiya kaɗai, zai tashi yana tsammani labarin ƙasa labarin waɗansu ne.

Bari in bayyana abin da ke sa kwari ya yi wuyar ɗauka. Idon mutum yana da wayo. In ka dubi sama ƙwayar idonka ta tsuke, in ka dubi inuwa ta buɗe, kai kuwa ba ka ko sani ba, sai ka ga kamar ka ga duka a lokaci guda. Kyamara ba haka take ba. Sau ɗaya take buɗe ido ga kowane hoto, kuma ma'aunin hasken da ke cikinta kullum so yake ya mai da kome toka-toka, tsakanin fari da baƙi. Saboda haka in baƙin dutse ya cika mata ido sai ta ƙara haske, ruwa da sama su ƙone. In farin ruwa ya cika mata ido sai ta rage, dutse ya nutse cikin duhu. A cikin kwari kuwa ga bango ɗaya rana na dukansa, ga ɗaya cikin inuwa, bambancin haskensu ya fi ƙarfin abin da za ta iya ɗauka gaba ɗaya.

Wani Ba'amurke mai suna Ansel Adams, wanda aka haifa a 1902 ya rasu a 1984, ya yi suna wajen hoton duwatsu da kwaruruka. Wajen 1940 shi da abokin aikinsa Fred Archer suka tsara wata dabara: suka kasa haske mataki goma sha ɗaya, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, kowane mataki ninki biyu na wanda ke ƙasa da shi. Kafin ya danna, sai ya yanke shawarar matakin da kowane sashe na hoton zai zauna. Mu ba ma aiki da fim irin nasa, amma hikimar tana nan: mai ɗauka ne zai zaɓa, ba na'ura ba. Ga mai waya abin da sauƙi. Taɓa wurin da ya fi haske a jikin gilashin, ko ruwa ne ko gajimare, sa'an nan ka ja hasken ƙasa har ka ga siffarsa ta fito. Inuwa za ta yi duhu, kada ka damu, ana iya ɗaga ta daga baya. Abin da ya ƙone fari ne ba ya komowa. In kuwa sama ba ta ƙara kome ba, fid da ita daga hoton sam.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba za su gaya mana ba, gama ba don mu aka rubuta su ba. Sukan ce a yi hoto cikin sa'a guda bayan fitowar rana da sa'a guda kafin faɗuwarta. A Ingila rana a karkace take hawa, hasken nan mai taushi yakan daɗe. Keffi kuwa ba ta kai digiri 9 arewa da tsakiyar duniya ba. Ranarmu tsaye take hawa, kafin ka gama gaisuwa da mai gadi ta yi zafi. Sau biyu a shekara ma, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, takan tsaya daidai bisa kanmu da tsakar rana, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Dutse kuwa sai da inuwa ta gefe yake nuna tsagoginsa da ƙullutunsa. In haske ya sauko masa daga bisa, sai ya zama kamar tulin toka.

Amma kada a ɗauka sammako ne maganin kome. Cikin kwari mai zurfi da sassafe duhu ne kawai. Lokacinsa shi ne sa'ad da rana ta bugi bango ɗaya, hasken ya dawo ya haskaka ɗaya bangon da ke inuwa. Juya wa bangon rana baya, ka ɗauki na inuwar, za ka ga launin dutsen da ba ka san yana da shi ba. Magangarar ruwa kuma ranar da gari ya yi lumshi take so, ranar nan da mu muke cewa ba ta hoto ba ce. A riƙa share raɓar ruwa daga idon kyamara, a kuma tsai da mutum ɗaya can gefe domin yaro ya gane girman abin.

Sai maganar wata. Da hunturu hazo yakan cinye nisa, ko da yake yakan jera duwatsun Mada da na Eggon bi da bi kamar an zana su da gawayi, abin sha'awa. Tsakiyar damina ruwa ya cika, amma hanya ba daɗi, duwatsu da santsi, kuma ruwan da aka yi can bisa tudu yana iya iske mutum cikin kwari alhali inda yake ko ɗigo ba a yi ba. Ni Oktoba na zaɓa: ruwa bai janye ba, ciyawa kore shar, iska a wanke.

Na san masu cewa wayoyin yanzu suna haɗa hoto biyu ko uku su gyara hasken da kansu. Haka ne, suna taimako, amma ba su iya ƙirƙiro inuwar da rana tsaka ta share. Waɗanda na fi jayayya da su su ne masu cewa a ɗauka ko yaya, a je a gyara a kwamfuta. Ɗaga inuwa kaɗan ba laifi, gama mayar da abin da ido ya gani ne. Amma a shafa wa sama jan da ba ta yi ba, ko a ƙara wa ruwa yawa, sa'an nan a kai wa yara a ce ga ƙasarku, wannan kam bai dace da malami ba.

Masu cewa babu kuɗin kwana a hanya, uzurinsu na da ƙarfi, ban raina shi ba. To, a fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Ga Dutsen Maloni cikin garin nan, mai sunan Kyaftin Maloni da Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe a 1902, abin da Turawa suka sa cikin dalilansu na auka wa Kano a 1903. Kowane ɗalibi ya ɗauki dutsen daga wuri guda sau uku, da fitowar rana, da rana tsaka, da la'asar sakaliya, a jera hotunan a allon sanarwa. Gani ya kori ji.

Bayan wannan, roƙona ga kwamitin yawon ganin ƙasa shi ne a rage yawan wuraren da ake zuwa, a sa rarar kuɗin a kwana ɗaya a Akwanga ko Wamba, domin a isa Farin Ruwa da wuri a sami sukunin jiran haske. Hotuna goma mafiya kyau a wanke su manya, a rubuta a bayan kowanne sunan wurin, da kwanan wata, da ƙarfe nawa, da wajen da aka fuskanta, a ajiye a ɗakin karatu don masu fita gwajin koyarwa su ara. Jiharmu ta ma'adinai ce, masu haƙa da masu fasa dutse kuwa ba su zauna ba. Akwai duwatsun da muke wucewa ta gabansu yau waɗanda yaran da za mu koyar ba za su tarar da su yadda suke ba.