GIDAN KORAU DA FADAR RASHA

Makon nan maganarmu a kan gidan sarauta ta ke, da abin da ke ba shi kwarjini.

A birnin Masko na ƙasar Rasha akwai wata fada, sunanta Kiremlin. Sarki Ivan na Uku ya kewaye ta da garun jan tubali daga 1485 zuwa 1495. A 1712 sarakuna suka ƙaura suka bar ta. Napoleon ya shige ta a 1812, bai jima ba ya fita. A 1918 Lenin ya komo da mulki cikinta. A 1991 aka sauke jar tuta, amma har yau daga nan a ke zartar da hukunci a Rasha.

To, mu ma Katsinawa muna da tamu, watau Gidan Korau, wanda a ke danganta shi da Muhammadu Korau. Sarakunan Haɓe sun zauna ciki har 1807, sa'ad da Ummarun Dallaje ya ci birnin, zuriyarsu suka je suka kafa Maraɗi. Turawa suka zo a 1903, a 1906 sarauta ta koma hannun Muhammadu Dikko. Sarki goma, zamani goma, gida kuwa yana nan.

Amma ga inda suka bambanta. Fadar Rasha tana riƙe da takobinta. Tamu kuwa an karɓe mata 'yan doka da alkalai da kurkuku, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe sauran. Abin da ya rage mata shi ne murya, kuma ba ƙaramin abu ba ne, don in Sarki ya yi magana Gwamna ya kan saurara.

Mu da ke Ruwan Godiya, can ƙarshen ƙasa, wannan murya mu ke bukata. Kowa ya san wahalar da manoman Faskari da Sabuwa suka sha a hannun 'yan bindiga, da yadda aka kwashe 'yan makarantar Ƙanƙara a 2020. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Saboda haka, malamai da akawuna, ku taimaki dagatai da alƙalaminku. Ku rubuta gonar da aka bari, da kasuwar da ta mutu, a miƙa wa hakimi, shi kuma ya kai fada. Kukan da bai isa zaure ba, wa zai share hawayensa?

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.