Sharhi: Kafin a raba sabon katin ɗan ƙasa, wa ya ga takardar sharuɗɗan aikin?

A unguwar Banifandou da ke birnin Yamai, ba wuya ka samu matashin da ya iya rubuta manhaja, haka kuma ba wuya ka ji yadda cinikinsa da mai kanti ya ƙare da rigima. Mai kanti zai ce a yi masa abin da zai riƙe masa lissafi a kwamfuta, a tsadance da baki, a ba da kafin alƙalami. Bayan wata biyu sai a tarar manhajar ta san kuɗi hannu amma ba ta san bashi ba, alhali cinikin unguwa da bashi yake tafiya. Ta san kwali, ba ta san ana fasa shi a sayar ɗai-ɗai ba. Mai kanti ya ce an cuce shi, yaro ya ce ba a gaya masa ba, kuma duka biyun gaskiya suka faɗa.

Abin da ya ɓace tsakaninsu shi ne takardar sharuɗɗan aiki, wadda ake kira cahier des charges a ofisoshinmu. A cikinta ake rubuta me ake so na'ura ta yi, wa zai yi amfani da ita, me za ta yi idan abu ya zo ba yadda aka saba ba, da yadda za a gwada ta kafin a biya. Idan aikin na kanti ne, asarar ba ta wuce 'yan jikkuna. Idan na ƙasa ne, haƙƙin mutane ke salwanta.

Yanzu kuwa Nijar na tsakiyar irin wannan babban aiki. Tun ranar 29 ga Janairun 2025, ranar da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata, aka sanar da fara aiki da fasfon ƙawancen AES. A watan Yunin 2025 hukumomi suka sa hannu da wani kamfanin ƙasar Libiya kan buga fasfo da katin ɗan ƙasa na zamani. Muhawarar da ake yi a fada da shafukan Facebook ta fi karkata ga kuɗin katin da ranar fitowarsa. Ba kasafai ake tambayar abin da aka rubuta wa kamfanin ya yi ba.

Maƙwabciyarmu Najeriya ta ga abin da layi ɗaya da aka manta ke haifarwa. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, hukumar INEC ta yi alkawarin ɗora hoton sakamakon kowace rumfa a shafinta na IReV nan take. Na 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi. Bayanin da hukumar ta bayar a rahotonta shi ne, an tsara manhajar ta ajiye kowane sakamako ƙarƙashin wata jiha, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa ba na wata jiha ba ne, don haka na'urar ta rasa inda za ta sa shi. Sai wajen ƙarfe tara na dare sakamakon farko ya hau. An yi amfani da shafin a zaɓukan gwamnonin Ekiti da Osun a 2022 lafiya lau, domin su zaɓukan jiha ne. Ko mutum ya yarda da bayanin INEC ko bai yarda ba, kuma 'yan adawa da yawa ba su yarda ba, zargin ya riga ya shiga zukata, ya bi shari'ar har kotun ƙoli.

Namu misalin ya fi shafar 'yan uwa mazauna ƙetare. Hukumar CENI ta ba kamfanin Gemalto aikin rajistar masu zaɓe ta zamani, aka fara a ƙarshen 2019, aka samu mutum kusan miliyan 7.4. Amma annobar korona ta rufe iyakoki kafin a kai ga 'yan jaha ta tara, aka yi zaɓen 27 ga Disamban 2020 ba su, kujerunsu biyar cikin 171 na majalisar dokoki suka zauna babu kowa. Sai ranar 18 ga Yunin 2023 suka zaɓi wakilansu, kwana 38 kafin juyin mulkin da ya rushe majalisar. Ba wanda zai zargi CENI da rashin hango annoba. Sai dai tsarin da ya ajiye 'yan ƙetare a ƙarshen layi, ya kuma dogara kacokan kan jigilar na'urori da ma'aikata zuwa ƙasashe, tsari ne da ba shi da hanya ta biyu.

To, me ya kamata takardar sabon katin ta amsa? Ta fara da suna. Manhajojin da ake sayowa daga waje suna zuwa da gurbin sunan yanka da na iyali, mu kuwa da sunan uba muke amfani, wani ma da laƙabi aka san shi. Mutum ɗaya Mahamadou ne a takardar haihuwa, Mamadou a takardar makaranta, Muhammad a takardun da ya yi a Kano ko Jidda. Wanne na'ura za ta ɗauka, kuma wa ke da ikon gyarawa, cikin kwana nawa? Akwai iyayenmu da takardunsu suka ce an haife su "wajen" shekara kaza, ba rana ba wata. Akwai manomi da birkila da zanen yatsunsu ya goge. Akwai ɗan Nijar da aka haifa a Abijan ko Kumasi, bai taɓa mallakar takardar haihuwa ta gida ba.

Sai batun wuta da intanet. Mazauna Yamai ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin take ba mu kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarki, ta katse layi. Na'urar rajistar da ba ta iya aiki sai da intanet, ta birni ce kawai. Sannan ina za a ajiye zanen yatsun miliyoyin 'yan ƙasa, kuma idan kwangila ta ƙare, wa zai riƙe makullin rumbun? Tun 2017 muna da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP da ke kula da ita, kuma wannan hurumi nata ne.

Mai yiwuwa duk an amsa waɗannan tambayoyi a rubuce. Idan haka ne, fitar da sashen da bai shafi sirrin tsaro ba zai amfani hukuma kafin kowa: injiniyoyin jami'ar Abdou Moumouni, matasan cibiyar CIPMEN da ƙungiyoyin 'yan ƙetare za su iya nuna giɓi tun yana kan takarda, lokacin da gyaransa bai wuce canza layi ɗaya ba. Bayan an buga kati miliyan guda, gyaran ya koma dogon layi a gaban ofishin 'yan sanda, ko kuɗin jirgi daga Tripoli zuwa Yamai saboda harafi ɗaya.

Shi kuma matashin Banifandou ba ya buƙatar jiran gwamnati. Ya wuni guda a kantin yana kallon yadda ake ciniki, ya buɗe littafin bashi ya ga yadda ake rubuta shi, sannan ya rubuta shafi biyu da Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci, ya karanta wa mai kanti a gaban shaida, su sa hannu kafin ya karɓi ko dala.