Dillalin gida da bai iya waya ba, ina makomarsa?

A da, jarin dillalin gida a Samaru ko Sabon Gari benci ne a bakin titi da sanin masu gidaje. Yau ɗalibin da ya samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello tun yana garinsu yake neman ɗaki ta WhatsApp. Bidiyo yake so, ya ga ɗakin da banɗaki da rijiya, sannan ya tura kuɗi ta waya.

Harkar fili ma ta sauya. Tun bayan dokar da ta kafa KADGIS a 2015 ake mayar da bayanan filayen Jihar Kaduna cikin kwamfuta. Dillalin da bai san yadda ake tantance takardar mallaka ba zai iya jefa mai saye cikin rigima.

Abin damuwa, 'yan damfara sun riga dattawan dillalai iya waya. Sai su ɗora hoton gidan wani, su karɓi kafin alƙalami, su ɓace.

Ya kamata ƙungiyoyin dillalai da Ƙaramar Hukumar Sabon Gari su shirya horo kan ɗaukar bidiyo, rubuta yarjejeniyar haya da tantance takardu. Idan dillalan gaskiya suka bar wayar, la'adarsu da kuɗin ɗalibai maɓarnata ne za su kwashe.